Yadda ake bin sawun takin da manyan dabbobi ke rabawa a ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa shuka gero a gonar da garken shanu ya kwana cikinta da rani ya san abin da damina kan nuna masa: inda shanun suka kwanta ganye yakan yi kore shar, kara ya yi kauri, zangarniya ta cika, alhali taku ashirin kacal daga wurin geron yana nan a tsumbure, ganyensa ja-ja. Abin da ba kasafai muke tsayawa mu tambaya ba shi ne inda wannan albarka ta fito. Saniya ba ta ƙirƙirar taki. Ɗauko shi take yi daga fadama ko dajin da ta yi kiwo da rana, ta riƙe shi a tumbinta, ta sauke a gonar da dare. Wannan dako kuwa ba shanu ne suka fara shi ba, domin tun kafin su iso ƙasar nan giwa da ɓauna da gwanki da kanki da dorina ke yin sa, daga kwarin gulbin Kabi har zuwa gaɓar Kwara a Yawuri.

Na rubuta wannan jagora ne domin malamin makaranta mai koyar da aikin gona, da malamin gona, da duk manomi ko masunci da ke son ganin wannan aiki da idonsa, tun da gani ya kori ji. Ba a buƙatar ɗakin gwaji ko wata na'ura mai tsada. Littafin rubutu, da sanda, da fartanya, da 'yan gwangwanaye, da haƙurin damina guda sun wadatar.

Abin da ake bi

A jikin buhun kamfa akan rubuta 15-15-15, wato kason naitirojin da fosfaras da potasiyam da ke cikinsa. Waɗannan sinadarai uku su ne babban abincin shuka, kuma ƙasar tudu ta yankinmu, musamman jigawa, tana da ƙarancin biyun farko. Ruwan sama kullum gangara yake yi da su, ya kwashe daga tudu ya kai kwari, daga kwari ya kai gulbi, shi ya sa fadama ke da ƙarfi tudu na ramewa. Ruwa ba ya hawa tudu da kaya, amma dabba tana hawa. Idan ta ci ciyawa, kaɗan ne daga cikin sinadaran ke zama nama da ƙashi da nono, mafi yawa suna fita a kashi da fitsari, kuma ba lalle ba ne su fita a inda ta ci.

Girman dabba yana da muhimmanci a nan saboda dalilai bayyanannu. Babbar dabba tana yin nisa a kiwo, abinci yana daɗewa a cikinta, kuma tana iya cin busasshiyar gamba da sauran ciyawa mai tauri wadda gada ko zomo ba za su kula ba. Karan gamba da zai shafe watanni a tsaye bai ruɓe ba, ko kuma wuta ta lashe shi, idan ya bi ta cikin ɓauna ko giwa cikin 'yan kwanaki ya zama taki. Wani bincike da Christopher Doughty da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ƙarfin da dabbobin tudu ke da shi na watsa waɗannan sinadarai ya ragu zuwa kimanin kashi 8 cikin 100 na yadda yake kafin manyan dabbobin duniya su fara ƙarewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, shekaru dubbai da suka wuce.

Saboda haka, duk dabbar da ka sa a gaba, tambayoyi huɗu za ka riƙe: a ina take ci, a ina take kwana ko hutawa, a ina take zubar da kashi da fitsari, a ina kuma take mutuwa? Tazarar da ke tsakanin wurin farko da sauran ukun ita ce hanyar da taki ke bi.

Kafin ka fita

Ka zaɓi wuri kusa da gari inda fadama da tudu suka haɗu, wanda burtali ko hanyar mashaya ta ratsa. Ka nemi izinin mai gona da na mai unguwa, in kuma bakin ruwa ne ka gaida Sarkin Ruwa tukuna. Kada ka kutsa daji mai nisa, balle da ɗalibai, domin halin tsaro a wasu dazukan Kabi da Zamfara bai ba da wannan dama ba, kuma duk abin da wannan jagora ta ƙunsa ana iya ganinsa a bayan gari.

Aikinka na farko zama ne da dattawa. Ka sami tsohon mafarauci, da tsohon masunci, da Arɗon rugar da ke kusa, ka durƙusa ka gaishe su, sa'an nan ka ce, misali, “Baba, lokacin kuna samari, waɗanne namun daji ne ke zuwa shan ruwa a wannan tafki, kuma ta wace hanya suke biyowa?” Kada ka katse su, kuma ka rubuta sunayen wurare kamar yadda suka faɗa. Sau da yawa sunan tafki ko dutse ko ƙauye yana ɗauke da sunan giwa ko ɓauna ko kada, kuma irin wannan suna shaida ce da ya kamata a bincika. Ka tambayi inda dabbobi ke lasar kanwa a dā, da inda garake suka saba yin rani, da shekarar da aka daina. A ganina wannan zama ya fi kowane mataki gaggawa, domin ƙasa za ta jira mai bincike, masu wannan ilimi kuwa suna ta raguwa.

Ka fara da kashi

Da damina ta zauna, cikin Yuli ko Agusta, ka nemi ɗanyen kashin saniya guda uku ko huɗu a makiyaya, ka kafa tsinke kusa da kowanne, ka rubuta ranar. Ka dawo washegari, ka sake dawowa bayan kwana uku, da kuma bayan mako guda. Idan ka sa sanda ka kife shi, za ka tarar da ramuka zagayayyu kamar faɗin yatsa a ƙarƙashinsa, da 'yan tsibin sabuwar ƙasa a gefe. Aikin buzuzu ke nan. Wani irinsa yakan haƙa rami a ƙasan kashin ya ja shi ciki, wani kuma yakan dunƙula shi ya tura da ƙafafun baya, kansa a ƙasa, har ya sami inda zai binne ya sa ƙwai. Ka bi rami ɗaya da fartanya a hankali, za ka iske dunƙulen kashi a zurfin da saiwar gero ke kaiwa. Kashin da aka binne ba ya asarar naitirojin ɗinsa a iska kamar wanda ya bushe a rana, ramukan kuma suna buɗe wa ruwa hanyar shiga ƙasa, ƙudaje da tsutsar ciki na dabbobi suna rasa wurin hayayyafa.

Ostireliya ta ga abin da rashin wannan ƙwaro ke jawowa. Da aka kai shanu can, buzuzun ƙasar bai saba da kashinsu ba, sai kandilo ya rufe makiyayu, ƙudaje suka yawaita, har hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta shiga shigo da nau'o'in buzuzu daga Afirka da Turai tun daga shekarun 1960. Mu muna da shi kyauta, amma ana iya rasa shi. Maganin tsutsar ciki na dabbobi irin su ibamektin yana fita a kashi da sauran dafinsa, ya kashe 'ya'yan buzuzu. Idan ka ga kashi ya yi mako biyu a tsakiyar damina babu rami ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ka tambayi makiyayin ko ya ba dabbobinsa magani kwanan nan.

Da rani kuwa sai ka farfasa kandilo ka duba iri. Za ka sami ƙwayar gawo da ta bagaruwa, waɗanda ɓawonsu ke da tauri, kuma wucewa ta cikin dabba na taimaka musu su tsiro, ga taki a shirye. Abin da shanu da awaki ba sa iyawa shi ne ɗaukar babbar ƙwallo. Giwa, wadda kan ci fiye da kilo 100 na ganye da ciyawa da 'ya'yan itace a yini kuma ba ta narkar da ko rabinsa, tana haɗiye ƙwallon giginya da na aduwa ta kai su nesa, kuma bincike a Afirka ta Kudu ya nuna tana iya kai iri har nisan kilomita 65. A nan sawun giwa ya taka na raƙumi, don babu dabbar gida da ta gaje ta a wannan aiki. Giwayen da suka rage kusa da mu suna gandun dajin W da maƙwabtansa Arli da Fenjari, a tsakanin Nijar da Binin da Burkina Faso, inda garke mafi yawa na Afirka ta Yamma yake, kuma a 2018 wasu giwaye sun ɓullo a yankin Koko/Besse.

Gwajin gwangwani

Wannan gwaji shi ne wanda na fi so malamai su yi da ɗalibansu, domin sakamakonsa a fili yake. Ka sa dattawa su nuna maka tsohon makwancin garke, wanda aka bari shekara biyar ko goma da suka wuce. Ka ɗebi ƙasar sama, zurfin tafin hannu, daga wurare uku a tsakiyarsa. Ka yi taku hamsin zuwa inda ƙasar take iri ɗaya amma garke bai kwana ba, ka ɗebi wasu uku. Ka zuba su a gwangwanaye shida masu girma ɗaya da aka huda ƙasansu, ka rubuta wa kowanne alama. Ka shuka ƙwayar masara uku a kowanne, in sun tsiro ka cire biyu ka bar ɗaya. Ruwa daidai wa daida, rana daidai wa daida, kuma kada a sa ko ƙwayar takin zamani. Kowace Juma'a a auna tsawo a ƙidaya ganye, har mako shida.

Ka lura da launi fiye da tsawo. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara yin ɗorawa daga baki zuwa tsakiya, naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan gefen ganye ya yi shuni-shuni, shukar kuma ta ƙi tashi, fosfaras ne. Dalilin yin uku-uku shi ne gwangwani ɗaya na iya yaudararka, ko don ƙwayar ba ta da kyau ko don gara ta shiga. Ana iya maimaita gwajin da ƙasar gindin gawo, inda dabbobi ke taruwa da rani don inuwa da 'ya'yansa, ko da yake a nan sai a tuna cewa gawo da kansa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi da ganyen da yake zubarwa a farkon damina. A kudancin Kenya masu binciken tarihin ƙasa sun wallafa a 2018 cewa makwantan garake da aka bari shekaru dubbai da suka wuce har yanzu sun fi kewayensu taki, kuma namun daji suna taruwa a kansu don kiwo, su ƙara musu wani takin.

Bakin kogi da aikin dorina

Ga mutumin Yawuri da Ngaski da sauran garuruwan gaɓar Kwara, babbar dabbar daji da har yanzu ake zama da ita ita ce dorina, kuma tafiyar takinta ta saɓa wa ta saniya. Da dare take fitowa tudu ta ci ciyawa kimanin kilo 40, wani lokaci ta yi tafiyar kilomita da dama, da asuba ta koma ruwa ta wuni, yawancin kashinta kuma a ruwan take zubarwa. Ashe ita daga tudu take ɗauka ta kai kogi. Wannan kashi abinci ne ga ƙwarin ruwa da gansakuka, wasu kifayen ma suna cin sa kai tsaye, ƙananan kifi su ci waɗancan, giwan ruwa da tarwaɗa su ci ƙananan.

A kogin Mara na Kenya, inda aka fi auna wannan al'amari, dorina kimanin 4,000 suna zuba fiye da kilo 8,500 na busasshen abu a kogin kowace rana. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa har kashi 76 cikin 100 na silikar da kogin ke ɗauke da ita na iya biyowa ta cikin dorina. Silika ita ce sinadarin da ke sa ganyen ciyawa kaifi, kuma da ita wasu ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suke gina ɓawonsu, su ne kuwa tushen abincin kifi a manyan tafkuna. A tafkin Edward da ke tsakanin Kwango da Yuganda, dorinar ɓangaren Kwango ta ragu daga kusan 29,000 a shekarun 1970 zuwa ƙasa da 1,000 a 2005 saboda yaƙi da farauta, kuma ana lissafa wannan cikin dalilan da suka sa kamun kifi ya faɗi a can.

Sai dai taki idan ya yi yawa a ruwan da ba ya gudu yakan zama illa. A kogin Mara ɗin dai an ga yadda kashi ke taruwa a gurbin dorina da rani yana ruɓewa, ya cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, sa'an nan ruwan sama ya zo ya tura wannan ruɓaɓɓen ruwa gaba, kifi su mutu birjik. Darasin da ke ciki ga mai lura a ƙasarmu shi ne ya dubi dorina tare da gudun ruwa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta mai da wani sashe na Kwara tafki har zuwa Yawuri, Bakolori ta 1978 da Goronyo da ta biyo baya sun rage ambaliyar da ke shimfiɗa laka a fadamun Argungu da Birnin Kabi, don haka yadda taki ke yawo a ruwanmu yau ba daidai yake da na zamanin kakanni ba.

Yadda za ka duba shi ne ka fita da hantsi, bayan rana ta ɗaga sosai, tare da masuncin da ya san wurin. Ka nemi hanyar da dorina ke fitowa, wadda takan zama kwari mai layi biyu na sawu, kowane sawu da yatsu huɗu. Ka bi hanyar zuwa tudu, kana nisantar ruwa, ka ga inda ta ƙare, za ka tarar da fili mai gajeriyar ciyawa kamar an yi mata aski, da kashi a warwatse a jikin kurmi, domin namiji yakan kaɗa wutsiya ya watsa shi. Ka auna nisan filin daga gaɓa da taku. Ka tambayi masunta irin kifin da suke samu a gangaren gurbin dorina da wanda suke samu a samansa, da watan da ruwan kan yi wari.

Ba na so wani ya ɗauka cewa ina raina haɗarin wannan dabba. Nauyinta kan kai kilo 1,500 ko fiye, ta fi mutum gudu a tudu, tana kife kwalekwale, kuma ta hallaka mutane a yankin nan. Kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa, kada ka kusanci uwa mai ɗa, kada ka je da magariba ko da asuba, kada ka kai yara bakin gurbinta. Manomin shinkafar da ta kwana cikin gonarsa ta cinye masa guminsa yana da haƙƙin a saurare shi. Abin da ke rage wannan ɓarna shi ne a bar mata faɗin ciyawa a gaɓa ba a nome har bakin ruwa ba, a kauce wa shuka a kan hanyarta, a haƙa rami mai tsayayyen gefe ko a yi shinge mai ƙarfi a ɓangaren gonar da ke fuskantar kogi, tun da ba ta iya tsallake, sa'an nan a kai rahoton wadda ta addabi jama'a ga hakimi da ma'aikatan gandun daji.

Mushe, ƙashi da ungulu

Tambaya ta huɗu ita ce inda dabba ke mutuwa. Fosfaras mai yawa yana cikin ƙashi, kuma ƙashi a hankali yake sakinsa. A kogin Mara, wata dabba 'yar'uwar kanki da mutanen can ke kira nyumbu takan nitse wajen ƙetarawa, kimanin 6,250 a shekara, naman ya ƙare cikin makonni, ƙasusuwan kuwa su shafe kusan shekara bakwai suna ciyar da kogin. A tudu, idan ka san inda jaki ko saniya ta mutu bara, ka je da damina ka duba: tsakiyar wurin yakan zama fili da farko saboda takin ya yi ƙarfi, amma kewayensa ciyawa ta fi ko'ina kore.

Duba da ido kawai za ka yi, ban da taɓawa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, tana iya ɗauke da cutar antaras, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar Neja a 2023. Irin wannan ba a feɗe ta, ba a kuma bar ta a fili, sai a kira likitan dabbobi.

Ka ƙidaya ungulu kuma. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma jewar tata ce ke kawar da mushe cikin sa'o'i kafin cuta ta yaɗu. Duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san yadda suke cika mahauta da kasuwa a dā, ya kuma san yadda suka yi wuyar gani yanzu, saboda guba da ake sa wa mushe da kuma cinikin sassan jikinsu. A 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya. Indiya ta rasa fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulunta tun daga shekarun 1990 saboda maganin dikilofenak da ake yi wa shanu, wanda ke kashe ungulun da ta ci mushensu, mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, har aka haramta ba dabbobi maganin a 2006. Ka tsaya a mahautar garinku ranar kasuwa na tsawon sa'a guda, ka rubuta adadin da ka gani, ko da sifiri ne.

Ciyawa, baki da wuta

Kafin ruwan farko, ka killace fili taku uku tsawo taku uku faɗi a makiyaya da ƙaya mai ƙarfi, ka sa alama a wani fili daidai girmansa a gefe wanda dabbobi za su ci gaba da kiwo a kansa. Da kaka ka gwada su. A cikin shinge ciyawa za ta yi tsawo, ta yi tauri, ta bushe a tsaye. A waje, in kiwon bai wuce kima ba, za ka ga gajeriyar ciyawa mai laushi da ke ta sake tofo. In kuwa ka tarar da ƙasa tsirara ta daskare, babu komai sai tafasa da tumfafiya, to bakin ya fi ƙarfin filin, kuma a nan dabba ta koma mai kwashewa. Namun daji ba sa zama wuri ɗaya, suna ci su wuce, zaki da kura da ƙishirwa suna kora su gaba, filin ya huta. Garken da aka toshe wa burtali ba shi da wannan zaɓi.

Busasshiyar ciyawar da ba a ci ba ta wuta ce, kuma idan wuta ta ci, yawancin naitirojin yana tafiya da hayaƙi, tokar da ta rage iskar hunturu ta yi gaba da wani kasonta. A Serengeti ta Tanzaniya an ga wannan a sarari. Bayan an yi wa shanun kewaye allurar rigakafin ciwon bushiya, cutar ta bar namun daji, nyumbu suka ƙaru daga kimanin 300,000 a farkon shekarun 1960 zuwa wajen miliyan 1.3 a ƙarshen shekarun 1970. Da suka cinye ciyawa, gobarar daji ta ragu, ƙananan itatuwa suka sami sararin girma. Ciwon bushiya ɗin nan shi ne wanda ya shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ya iso ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890 ya share shanu da ɓauna, ba a kuma bayyana kawar da shi daga duniya ba sai a 2011.

Abin da za ka yi da abin da ka gani

Tun da yawancin dakon takin ƙasarmu ya koma kan shanu da raƙuma da tumaki, gyaran da ke hannun manomi a nan yake. Kwanan dabba a gona ya fi kwaso busasshen kashi a amalanke, domin kaso mai yawa na naitirojin da mafi yawan potasiyam a fitsari suke fita, kuma gwaje-gwajen da aka yi a gonakin gero a Nijar sun nuna amfanin gona ya fi yawa inda kashi da fitsari suka sauka tare. A riƙa matsar da turke bayan 'yan kwanaki don kada takin ya taru wuri ɗaya, a fara da inda gonar ta fi ramewa. Tsohuwar yarjejeniyar da manomi kan ba Bafillace damin gero ko dawa don garkensa ya yi rani a gona ta yi rauni a wurare da yawa saboda rikici da zargi, kuma ba na cewa maido da ita abu ne mai sauƙi, amma inda amana ta rage tsakanin gari da ruga ya kamata Sarkin Noma da Arɗo su zauna su tsai da lokacin shiga da na fita, da wanda zai biya in an yi ɓarna. A bar gawo a gona, a daina ƙona kara, a bar burtali da hanyar mashaya a buɗe.

Sa'an nan ka zana taswira. A babbar takarda ka sa gulbi da fadama da tudu da gonaki da burtali, ka ja kibiya daga inda kowace dabba ke ci zuwa inda take kwana. Ka yi amfani da jan alƙalami ga hanyoyin da dattawa suka ce giwa da ɓauna da gwanki suna bi a dā, da baƙi ga na shanu da dorina na yau, ka sa ɗigo a duk inda gona ko gini ko shinge ya datse hanya. A gefen takardar ka rubuta sakamakon gwangwanaye shida, da kwanakin da buzuzu ya ɗauka kafin ya binne kashi, da adadin ungulun mahauta, kowanne da kwanan wata. Ka kai kwafi ɗaya ga mai gari, ɗaya ga malamin gona na ƙaramar hukuma, ka manna ɗaya a bangon aji, sa'an nan ka bar shingen ƙayar nan a tsaye ka gyara shi kafin ruwan farko, domin ɗaliban baɗi su auna fili ɗaya a wata ɗaya su rubuta nasu adadin a ƙarƙashin naka.